Tarihin yadda aka gano maɓoyar ƙwayar sida cikin ƙwaƙwalwa



Kowa ya ji labarin cutar sida, wadda ake ce ma kanjamau. In an ambace ta, abin da ke zo ma mutane a rai shi ne rama, da zawo, da tari. Amma akwai wani gefe na labarinta da ba a cika faɗi ba. Ƙwayar wannan cuta tana shiga cikin kai. Tana iya taɓa tunanin mutum, da halinsa, da tafiyarsa. Ko an sha magani ta ɓace daga cikin jini, takan samu wurin laɓewa cikin ƙwaƙwalwa. Likitoci sun yi shekara fiye da 40 suna bin sawunta. Ga tarihin wannan farauta daki-daki.

Ganuwar ƙwaƙwalwa

Sai mu koma baya kaɗan tukuna. Cikin shekara ta 1885, wani likitan Jamus mai suna Fol Erlik ya yi ma dabbobi allurar ruwan rini cikin jini. Da ya feɗe su, sai ya ga hanta ta rinu, ƙoda ta rinu, zuciya ma ta rinu. Ƙwaƙwalwa kaɗai ta tsaya fara. Cikin 1913 wani almajirinsa ya juya gwajin. Ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Wannan karon ƙwaƙwalwa ta rinu, sauran jiki bai rinu ba.

Da haka aka gane akwai shamaki tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Kamar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ita ce. Tana da ƙofofi, tana da masu tsaro. Abinci da iskar numfashi suna wucewa. Yawancin ƙwayoyin cuta ba su wucewa. Sai dai yawancin magunguna ma ba su wucewa. Ku riƙe wannan magana, don za mu komo gare ta.

Akwai cututtukan da suka iya tsallake ganuwar. Mun san sanƙarau. Akwai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Akwai tunjere. Cikin 1913 wani likita ɗan Japan, Hideyo Noguci, ya ga ƙwayar tunjere cikin ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da hauka. Daga nan aka san cewa wani haukan ƙwayar cuta ce ke kawo shi.

Baƙuwar cuta

Ran 5 ga watan Yuni na 1981, hukumar lafiya ta Amurka ta ba da labarin wasu samari 5 a birnin Los Anjalas. Dukansu suna fama da wani ciwon huhu da ba ya kama mai ƙarfin jiki. Cikin 1982 aka raɗa ma cutar suna. Cikin 1983, a cibiyar Fastor ta birnin Faris, Faransuwaz Bare-Sinusi da Luk Montanye da abokan aikinsu suka gano ƙwayar. Da Faransanci ana ce mata VIH, masu turancin Ingila suna ce mata HIV. Cikin 1986 aka gano ƴar uwarta, VIH-2, ga mutanen Afirka ta Yamma. Ita ba ta da sauri kamar ta farko, amma ita ma tana kisa.

Aikin ƙwayar shi ne kashe sojojin jiki. Sojojin nan fararen ƙwayoyi ne da ke cikin jini, su ke yaƙi da cututtuka. Waɗanda ta fi kashewa likitoci na ce musu CD4. In sun ƙare, jiki ya zama gona marar shinge, kowace dabba sai ta shiga ta yi ɓarna. Saboda haka da farko kowa ya ɗauka cutar jini ce kawai.

Marasa lafiya sun fara mantuwa

Amma likitocin birnin Nuyok sun lura da wani abu. Da yawa daga cikin masu sida suna canja hali. Cikin 1983 suka rubuta labarin mutum 50 da cutar ta taɓa musu kai ko jijiyoyi. Wasu an gano dalili: wata cuta ce daban ta samu ƙofa buɗe ta shiga. Wasu kuwa an yi awo, an yi awo, ba a ga komi ba.

Amsa ta zo cikin 1985. Masu bincike a Amurka suka duba ƙwaƙwalwar mutum 15, manya da yara, da suka mutu da sida da ruɗewar hankali. Suka iske alamar ƙwayar ga mutum 5. A wannan shekara kuma aka same ta cikin ruwan ƙashin baya, irin ruwan da ake ɗiba in ana awon sanƙarau. Ashe ƙwayar da kanta ta tsallake ganuwa.

Cikin 1986 likita Ricad Firais da abokan aikinsa suka bayyana ciwon sosai. Suka ce yana da fuska uku.

Ta farko, tunani. Mutum ya riƙa mantuwa. Ana magana da shi sai zancen ya kuɓuce masa. Lissafin da yake yi nan da nan sai ya ɗauke shi dogon lokaci.

Ta biyu, motsi. Ƙafafu su yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe. Hannu ya riƙa rawa, rubutu ya lalace.

Ta uku, hali. Mai fara'a ya koma shiru. Ba ya son hira, ba ya kula da aikinsa, ba ya kula da iyalinsa.

A ƙarshe mutum yakan kwanta, ba magana, ba tafiya, ba ya iya riƙe fitsari. A wancan zamani, wanda ya kai wannan hali bai cika wuce wata 6 ba. Wani bincike na 1993 a Amurka ya nuna mutum 15 cikin 100 na masu sida sun faɗa cikin wannan hali kafin su mutu. Yaran da aka haifa da ƙwayar su ma ba su tsira ba. Yaro ya fara zama, ya fara tatata, sai ya daina. Kansa ya ƙi girma.

Ta ina ta shiga?

Ga abin da bincike ya nuna. Masu tsaron ganuwa suna barin wasu sojojin jiki su shiga ƙwaƙwalwa don sintiri. Ƙwayar sida takan ɓuya cikin cikin sojan. Masu tsaro su ga nasu ne, su buɗe ƙofa. Kamar ɓarawon da ya kwanta ƙarƙashin buhunan hatsi cikin amalanken mai gari ke nan. Wa zai tsai da amalanken ya duba?

Kuma ba ta ɓata lokaci. Cikin 1992 likitoci a Amurka suka ba da labarin wani dattijo da aka yi ma allurar jinin mai sida bisa kuskure. Ya mutu bayan kwana 15, aka iske ƙwayar ta riga ta kai cikin kansa. Cikin 2012, a ƙasar Tailan, aka same ta cikin ruwan ƙashin bayan wani mutum wajen kwana 8 bayan ya ɗauka. Wato tana shiga kai tun mutum bai san yana ɗauke da ita ba.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta iri-iri. Akwai masu aikin tunani da aika saƙo ga gaɓoɓi. Akwai masu shara da tsaron cikin gida, waɗanda likitoci ke kira mikirogiliya. Abin mamaki, ƙwayar sida ba ta shiga cikin masu tunani. Cikin masu shara take zama. Tun 1986 aka gan ta cikin irin waɗannan.

To, yaya tunani ke lalacewa? Masu sharar da suka kamu suna zubar da dafi. Sojojin jiki kuma suna ta yaƙi dare da rana, wurin ya yi zafi, ya kumbura. Masu tunani suna tsakiya. In ɗakin maƙwabci yana cin wuta, ko ba ta kai naka ba, hayaƙi zai shaƙe ka. Haka hanyoyin da ke tsakanin masu tunani suke tsinkewa kaɗan-kaɗan.

Zuwan magani

Cikin watan Maris na 1987 aka yarda da magani na farko a Amurka. Sunansa AZT. Tun 1964 aka haɗa shi don ciwon daji, bai yi aiki ba, aka ajiye. Allah ya sa yana cikin magungunan da ke iya wuce ganuwa. Cikin 1988 aka ga manya da yaran da ke shan shi hankalinsu yana komowa. A birnin Amsadam na ƙasar Holan, ruɗewar hankali ta ragu ƙwarai bayan zuwansa. Wannan ya nuna ba duk ɓarnar ce ba ta gyaruwa.

Amma magani guda bai isa ba. Ƙwayar tana canja kama, ta saba da shi. Sai cikin watan Yuli na 1996, a wani babban taro a birnin Bankuba na Kanada, aka sanar da dabarar haɗa magani uku gaba ɗaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mutanen da aka cire ma tsammani suka tashi suka koma aiki. Babbar ruɗewar hankali ta zama abin da ba a cika gani ba ga masu shan magani.

A nan Afirka

Mu kuwa maganin bai zo mana da wuri ba. Kuɗinsa ya kai dalar Amurka 10.000 a shekara ga mutum guda. Sai cikin 2001 wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya ce zai saida shi dalar Amurka 350 a shekara. Cikin 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro.

A Nijar, cikin 1987 aka ga mai sida na farko. Cikin 2004 aka fara ba da maganin a gidajen likita na ƙasa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 7 cikin 1.000 na ƴan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar. Ta 2012 ta nuna mutum 4 cikin 1.000.

A Abijan, inda samarinmu da yawa ke zuwa bida, likitoci sun yi awon gawarwakin masu sida, suka ba da sakamako cikin 1993. Cututtuka uku ne suka kashe fiye da rabinsu: tarin fuka, da ƙwayoyin cuta cikin jini, da wani ƙurji na cikin ƙwaƙwalwa mai suna tokisofilasma. Ana ɗaukar shi daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba. Ga mai ƙarfin jiki yawanci ba ya yin komi. Ga wanda sojojinsa suka ƙare yana kawo ciwon kai, da farfaɗiya, da shanyewar rabin jiki. A Abijan ɗin kuma, cikin 1999, aka nuna cewa wani magani mai araha, kotirimokzazol, yana rage ciwo da mutuwa ga masu ƙwayar. Yana kare su daga wannan ƙurji ma.

A Kamfala, babban birnin Yuganda, an auna mutum 78 masu zuwa gidan likita na sida. Sakamakon da aka bayar cikin 2007 ya nuna kusan 1 cikin 3 suna da ruɗewar hankali. A can ne aka gwada wani awo mai sauƙi da aka fito da shi cikin 2005. Ba ya bukatar alƙalami ko takarda. Likita zai faɗa maka kalmomi 4 ka riƙe. Sai ya ce ka riƙa haɗa babban yatsa da manuniya da sauri. Sai ka dunƙule hannu, ka shimfiɗa tafi, ka tsai da gefen hannu, bi da bi. A ƙarshe ya tambaye ka kalmomin nan 4. Maki 12 ne duka. Wanda ya samu 10 ko ƙasa da haka, sai a ƙara duba shi.

Iri cikin ƙasa

Bayan nasarar 1996, wasu likitoci sun yi zaton in an sha magani shekara 2 ko 3 ƙwayar za ta ƙare. Murna ta koma ciki cikin 1997. Ƙungiyoyin bincike uku a Amurka suka gano cewa ƙwayar tana rubuta kanta cikin halittar sojan jiki, sannan ta yi barci. Magani ba ya ganin mai barci.

Manomi zai gane wannan. Kowace damana kana noma, kana kashe hakin da ya fito. Gona ta yi fes. Amma irin hakin yana nan kwance cikin ƙasa. Ka bar gonar damana guda ka gani. Maganin sida kamar hauya yake. Yana kashe abin da ya tsira, ba ya taɓa irin da ke ƙasa. Cikin 2003 aka yi lissafi, aka ga sai mutum ya sha magani fiye da shekara 70 kafin irin da ke cikin jininsa ya ƙare da kansa.

To, ƙwaƙwalwa fa? Ita ce maɓoyar da ta fi wuyar dubawa, don ba a yanka kan mai rai saboda bincike. Kuma masu sharar ƙwaƙwalwa suna da tsawon rai, wasu sukan wuce shekara 20. Ganuwar da ke kare mu kuma tana rage yawan wasu magunguna da ke kai wa can.

Cikin 2010 likitoci a Faransa suka ba da labarin mutum 11. Magani ya danne ƙwayar cikin jininsu, amma suna fama da ciwon kai, ko ruɗewa, ko tangaɗi. Da aka ɗibi ruwan ƙashin bayansu, sai ga ƙwayar tana hayayyafa. Aka canja musu magani, suka samu sauƙi.

Cikin 2019 aka auna mutum 69 a Amurka da suka yi wajen shekara 9 suna shan magani. Kusan rabinsu akwai sawun ƙwayar cikin ruwan ƙashin bayansu. Waɗannan kuma sun fi sauran shan wuya wajen awon tunani.

Sauran hujja ta fito daga birnin San Diyego. Tun 2017, wasu masu ƙwayar da ke gab da mutuwa saboda wasu cututtuka suka yi wasiyya a duba jikinsu don amfanin na baya. Ana yin awon cikin awa 6 bayan rasuwa. Cikin 2023 masu bincike suka ciro masu shara daga ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu, waɗanda suke shan magani har ƙarshen ransu. Suka tada ƙwayar daga barci, ta hayayyafa. Ashe irin yana nan da ransa.

An samu mutane ƙalilan a duniya da suka warke sarai. Na farko shi ne Timoti Birawun, wanda aka yi ma dashen ɓargo a birnin Balin cikin 2007 saboda ciwon dajin jini. Aiki ne mai haɗarin mutuwa, ba a yin shi don sida kaɗai. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce yana warkar da sida, kuɗinku yake so.

Gardamar likitoci

Cikin 2007 aka kasa ciwon gida uku: mai tsanani, da matsakaici, da wanda awo kaɗai ke nunawa, mutum bai ji komi ba. Cikin 2010 aka auna mutum 1.555 a Amurka. Aka ce 52 cikin 100 tunaninsu ya taɓu. Hankalin jama'a ya tashi. Amma in an duba da kyau, mai tsanani mutum 2 ne kawai cikin 100, kuma yawancin sauran ba su ji wata damuwa ba cikin aikinsu.

Wasu likitoci suka ce ma'aunin yana ƙara yawa. Ko masu lafiya lau, da dama suna faɗuwa awon. Kuma awon da aka shirya ma ɗan lakkol na Amurka ba zai yi ma manomin da bai taɓa riƙa alƙalami ba adalci. Mutumin da ya san tumakinsa 100 ɗaya bayan ɗaya, ba a ce masa marar tunani don ya kasa jera baƙaƙen wani harshe. Cikin 2023 ƙwararru daga ƙasashe da yawa suka ba da shawara a daina yanke hukunci bisa awo kaɗai. A saurari marar lafiya, a saurari iyalinsa, a nemi sauran dalilai.

Dalilan kuwa suna da yawa: hawan jini, ciwon sukari, giya, shan ƙwaya, baƙin ciki, rashin abinci, da tsufa. Wani tsohon magani mai suna efabirenz yana sa jiri da munanan mafarkai. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fi ba da wani sabo, dolutegirabir.

Abu guda ne ba a gardama a kansa. Wanda ya daɗe bai fara magani ba, har sojojinsa suka yi ƙasa ƙwarai, shi ya fi samun tabo cikin kai. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda awo ya nuna yana da ƙwayar a ba shi magani nan take, kada a jira ya kwanta.

Abin da tarihin nan ya koya mana

1. A yi awon jini da wuri. Ƙwayar tana shiga kai cikin kwanakin farko, kuma ba a ganin ta a fuska. Mai ciki ta je awo, don magani yana kare jariri.

2. Wanda ya fara magani kada ya daina don ya ji ƙarfi. In likita ya ce ba a ga ƙwayar cikin jini ba, albishir ne: jiki ya huta, kuma ba za ka sa ma matarka ko mijinki ta hanyar kwanciya ba. Amma irin yana nan. Mai tafiya bida ya shaida ma likita kafin ya tashi, ya ɗauki guzurin maganinsa.

3. In ɗan uwa mai ƙwayar ya fara mantuwa, ko tuntuɓe, ko shiru, kada a ce sammu ne a zauna. Kada a ɗaure shi. A kai shi gidan likita. In ciwon kai ne mai tsanani, ko farfaɗiya, ko sanƙarewar wuya, a kai shi ran nan, kada a kwana.

4. Mai mantuwa yana manta magani, rashin magani kuma yana ƙara mantuwa. A samu wani amintacce cikin gida ya riƙa tuna masa. A ɗaura shan maganin ga abin da ba a mantawa, kamar sallar asuba ko tuwon dare.

5. Kada a guje shi. Ba a ɗaukar sida ta gaisuwa, ko cin tuwo ƙwarya guda, ko cizon sauro. Hira da aiki da zama cikin mutane suna taimakon tunani.

Masu bincike suna nan suna neman dabarar tone irin nan daga jini da ƙwaƙwalwa. Kafin su same ta, maganin da ke hannu ya isa ya riƙe mutum da ransa da hankalinsa har tsufa. Wanda ya karanta wannan labari ya karanta ma wanda bai iya ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kare mu baki ɗaya. Amin.